Tarihin Hancin da Ɗan Adam Ya Ƙera

Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna shiga rami da kanari a keji, domin shi tsuntsun yakan some da gubar iska tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa, kuma ba su bar wannan al'ada ba sai a 1986. Amma tururin fetur, da na barasa, da na sinadaran tsinka fenti, waɗanda ke cika masana'antu suna cutar da ma'aikata sannu a hankali, samun abin da zai sansano su ya kuma rarrabe su ya ɗauki zamani, kuma sababinsa kuskure ne.

A 1967, a ɗakin binciken Hideki Shirakawa a Tokiyo, wani mai neman ilmi ya zuba sinadarin haɗi ninki dubu bisa abin da aka umurce shi, sai maimakon baƙin garin da aka saba samu, ga wata 'yar fatar roba mai sheƙi kamar azurfa. Shirakawa bai zubar da ita ba. Bayan shekara goma, shi da Alan MacDiarmid da Alan Heeger, a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, suka turara ta da aidin, ƙarfinta na ɗaukar wutar lantarki ya ninku sau miliyoyi, alhali ijma'in masana a lokacin shi ne roba ba ta ɗaukar wuta. Wannan ya ba su lambar Nobel a 2000.

To, da aka lura cewa irin wannan roba takan sha tururi, kuma da zarar ta sha sai gudun wutar cikinta ya sauya, nan aka ga ƙofa. Aibinta ɗaya: ba ta da tamyizi, kowane tururi motsa ta yake yi. Maganin ya zo daga Krishna Persaud da George Dodd na Jami'ar Warwick, waɗanda a 1982 suka yi ƙiyasi da hancin dabba, suka nuna cewa in aka jera masu sansano da yawa, kowane da nasa hali, to amsoshinsu in an haɗa su sukan ba da siffar da ta keɓanta ga kowane wari. Ni dai abin yakan tuna mini da hadisi mutawatiri, wanda ruwayar mutum guda ba ta kai shi ga yaƙini, sai taron maruwaita. Wasu daga cikin na'urorin da suka shiga kasuwa bayan haka, irin AromaScan, da masu sansano 32 suka yi aiki.

Sa'an nan a 1991 Sumio Iijima na kamfanin NEC ya bayyana siraran bututun kabon, waɗanda mafi sirantarsu sun fi gashin kai siranta sau dubbai, bangon waɗannan mafi siranta, da aka samu daga baya, kuwa kaurin zarra guda ne, har babu wani sashe nasa da ke ɓoye daga iska. A 2000 ɗaliban Hongjie Dai a Stanford suka tabbatar da cewa bututu guda yana jin amoniya ba tare da an ɗumama shi ba. Daga nan aka shiga cuɗa bututun da roba: tururi ya shiga, roba ta kumbura, bututun su nisanci juna, wuta ta rage gudu, a auna. Abin da ya fi wahalar da masu wannan sana'a tun farko shi ne laima, gama tururin ruwa ma motsa robar yake yi, har na'urar da aka daidaita da rani takan ba da wata amsa dabam da damina.