Ɗaki Uku, Amare Uku: Yadda Kayan Ɗaki Suka Bar Hannunmu Suka Koma Cikin Kwali

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin ɗakin amarya a wannan yanki namu na Morai, Mafara, Bakura da Maradun. Kuma wata kunya da na sha bara ita ce ta jawo shirin.

Bara aka yi bikin ƙanwata. Baba ya sayar da abin da zai sayar, ya ranto ragowar, aka sayo gado da sif da madubi daga wani shago a birni. Ana saura kwana biyu jere kayan suka iso cikin kwali tara, kowanne shafal kamar allo. Mai shago ya ce yaronsa zai biyo baya ya haɗa. Yaro bai zo ba, waya kuma a kashe. Ni da ɗan baffana muka ce ai digiri biyu ne a ɗaki ɗaya, me zai gagare mu? Muka zazzage ledar noti, muka buɗe takardar zane. Tun la'asar muke fama har bayan isha'i, da fitilar waya. Da muka tayar da sif ɗin, ƙofa ɗaya ta ƙi rufuwa, a ɗaya gefen kuma noti ya fasa katakon, gari yana zuba kamar dusa.

Kakata tana bakin ƙofa tana kallonmu. Sai ta ce: "Kai maigidan, duk karatun da kunka yi akwati guda ya gagare ku? Ni ɗakin da anka kai ni, in ka ɗebe kwano biyu, babu abin da anka sawo daga nesa."

Aka yi dariya, amma ni maganar ta tsaya min. Bayan biki na koma Morai na zauna da ita, daga baya na zauna da Innarmu. Abin da na samo shi ne ɗaki uku a gida ɗaya: na Kaka, na Inna, da na ƙanwata.

Ɗakin Kaka

An kai Kaka ɗaki wajajen samun mulkin kai, wato kusan 1960. Ɗakin ma kansa ango ne ya gina shi da abokansa, da rani bayan an kawar da amfanin gona. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a dunƙula tubali, a shanya ya bushe. Jinka kuwa a ƙasa ake ɗaura ta, a yi yantar ciyawa a baibaye, sannan a kira maza su ɗaga ta gaba ɗaya su ɗora. Zana daga gamba ake saƙa ta. Masu hali su ne ke kiran magina a yi musu soro da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba.

Da maza sun gama, sai aiki ya koma hannun mata. Shi ne daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, matan unguwa su jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, suna bugu tare suna waƙa. Daga baya a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe ƙasan da ruwanta har ya yi duhu ya yi tauri. Ba a biyan kowa ko anini. Fura ce da tuwo, sai kuma bashin zumunci: yau an yi wa 'yarki, gobe ke ma za ki ɗauki madaɓi ki je gidan wata.

Kayan ciki fa? Kaka ta lissafo min su da yatsu. Gadon kara, yayanta ne ya ɗaura. Tabarmar kaba daga goriba. Faya-fayai, ita da gwaggonninta suka saƙa tun ana sauran watanni. Ƙoren jere, a gonar gidansu aka shuka duman, aka fafe, aka kai wa mai zane ya yi musu ado, aka rataye wasu a ragaya. Randa da tulu daga masu ginin tukwane. Akushi, turmi da kujerar tsugunno daga masassaƙi. Zanen rufa kuma, uwarta ce ta kaɗa audugar, aka kai wa masaƙi zaren. In ƙwarya ta fashe ba a yar da ita, ana jiran gyartai ya zo ya ɗinke.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, wannan rayuwa akwai wuya. Daɓe yana karya baya, jinka na kama wuta, gini yana son yaɓe kusan kowace shekara. Kaka da kanta ta ce ba ta fatan jikokinta su sha wannan wahala. Amma ku lura da abu ɗaya: kusan duk abin da ke ɗakin, an same shi ne a tazarar da mutum zai taka da ƙafa ya dawo a yini guda, kuma Kaka ta san sunan wanda ya yi kowanne.

Saura kwano biyun nan da ta ce a ɗebe. Su ne baƙin farko. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin UAC. Kantunan Turawa irin su UAC da John Holt suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da atamfa, kwanon rufi da kwanukan cin abinci masu fenti. Daga Gusau kayan su biyo hanyar Sakkwato su sauka kasuwar Talata a Mafara. Daga 1960 kuma aka fara ƙera irin waɗannan kwanuka a Legas, daga baya har a Kano. A hankali kwano ya ture ƙwarya daga bango, har ya zama da yawan kwanukanki ake auna gatanki.

Ɗakin Inna

An kai Inna ɗaki a ƙarshen shekarun 1980. Tsakanin ɗakin Kaka da nata, abubuwa manya sun faru. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji wanda ma'aikata suka karɓa a 1975. Sai kuma babban abin da ya taɓa mu kai tsaye: madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina daga 1974 zuwa 1978.

Bakolori ta kawo albashi. Samari da yawa a nan suka fara riƙe kuɗin wata, a nan wasu suka koyi tuƙi, walda, kafinta da birkila. Amma ruwan dam ya cinye gonaki da gidaje a wajen Maradun, aka tayar da dubban mutane. A filayen noman rani kuma aka baje ƙasa da manyan motoci, aka tumɓuke itatuwa. Diyyar gonaki da ta itatuwan amfani tana cikin abin da manoma suka tashi a kansa, har aka kai ga Afrilun 1980 lokacin da 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Wannan labari yana buƙatar shirinsa na kansa. Abin da ya shafe mu yau shi ne, in ka cire ɗorawa ka cire makuba, in ka cire goriba ka cire kaba, in ka cire giginya ka cire azara. Giginya kuwa ba a shuka ta yau a tsaga ta baɗi, sai ta yi shekaru da dama.

Don haka ɗakin Inna siminti aka zuba masa, aka shimfiɗa leda. Ranar da siminti ya shiga gida, madaɓi ya koma bayan rumbu, waƙoƙin daɓe suka bi shi. Rufin kwano ne, gadon ƙarfe mai rumfa, katifa, da kabet mai gilashi cike da samira da fanteka. Mutanen gida sun daina yi da hannunsu, sun koma saye. Duk da haka kabet ɗin wani kafinta ne ya yi shi a Mafara, kuma kakana ya je shagon har sau uku yana duba aikin. Da ƙafar gadon ta karye bayan shekaru, mai walda na bakin kasuwa ya gyara ta. Kuɗin sun fita daga gida, amma ba su bar gari ba.

A wannan tsakani makaranta ma ta taka rawarta. Da shirin UPE na 1976 yara suka cika firamare, lokacin da a da suke zaune kusa da mai saƙar zana ya koma na aji. Akwai darasin aikin hannu, inda ɗalibi zai kawo igiya, tsintsiya ko faifan da ya yi. Daga baya a wurare da yawa aka koma karɓar kuɗi a madadinsa. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, da niyyar kowane ɗan ƙaramar sakandare ya taɓa zarto da guduma. Gwamnati ta shigo da injina daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sun tsufa cikin akwatunansu, babu wuta, babu malamin da zai kunna. Ni dai a allo na ga zarto, malam ya zana shi da alli, muka kwafa, muka ci jarrabawa.

Ɗakin ƙanwata

Shi wannan kaya na kwali daga ina ya samo asali? Wanda ya yaɗa shi a duniya shi ne kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943. A 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun tebur don ya shiga mota, kamfanin ya ga ashe haka ya fi araha. Dabarar a fili take: kaya a shimfiɗe ba ya cin wuri a mota ko jirgin ruwa, aikin haɗawa kuma an ɗora wa mai saye. A Turai hakan ya yi daidai, domin ladan kafinta na da tsada, kuma gidaje da yawa suna da akwatin kayan aiki.

Mu kuwa mun ɗauko kwalin mun baro akwatin kayan aikin. Muna biyan kuɗin kaya, mu biya na mota, mu kuma biya wanda zai haɗa. Katakon ma ba katako ba ne, garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Ba ya son ruwa, ba ya son a kwance a sake ɗaurawa. Amarya ta yi ƙaura sau biyu, sif ya zama na zubarwa. Tunda kuma allunan da ƙarafunansu galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kowane uba mai 'ya mace ya ji wannan a jikinsa. Na san gidajen da aka ɗaga biki saboda kayan ɗaki, na san wanda ya jinginar da gona.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka suna shigowa garuruwanmu ba su da komai. Abin da suke fara nema shi ne inuwa da abin da zai suturta iyali. Mun taɓa zuwa kai taimako, na ga dattijo ya haura saba'in yana saƙa zana, mu samari biyar muna tsaye muna riƙe masa ciyawa, babu wanda ya san yadda ake fara bakinta. Gambar ma da ƙyar aka samo, don dajin da ake yankan ta ba ya shiguwa. Wallahi ranar na ji kunyar da ta fi ta sif.

Ba cewa nake mu koma gadon kara ba. Cewa nake kafin a yo odar kwali, a fara leƙa shagon kafintan unguwa a ji nasa farashin, a duba katakonsa. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, muna da masu walda da kafintoci a kowace kasuwa, muna da tsofaffin da suka iya saƙa da gini suna raye. Abin da ya yanke shi ne zama kusa da su. Duk wanda ke da kaka ko kakan da ya rage, ya je ya tambaye shi yadda ake jiƙa makuba, yadda ake ɗaura jinka, ya ɗauka a waya. Ya fi kyau ma ya sa hannu a koya masa.

Sif ɗin ƙanwata dai, washegari da asuba muka je muka ɗauko wani kafinta. Ya duba ya yi murmushi, ya ce mun juya allo ɗaya ne sama a ƙasa. Ya kwance, ya ƙara katakon gaske a inda muka fasa, kafin azahar ya gama. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa ɗaure notin da kaina yana nuna min. Daga wannan makon na sayi sukundireba, guduma da tef na awo, kuma zuwa yanzu na gyara ƙofar kicin ɗin Inna da benci biyu.

Ranar jere Kaka ta aiko da nata gudummawar: faifai biyu da kujerar tsugunno. Da na duba kujerar sai na gane ta. A kanta na zauna daren da muke fama da sif. Ita ce ta ɗakin farko, ta haura shekara sittin, ko girgiɗi ba ta yi. Ƙanwata ta ajiye ta a gaban madubi, a kanta take zama ta yi kwalliya.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.