Mutum-mutumin Fim: Daga Juji Zuwa Allon Silima

Mai karatu, idan ka kalli Chitti, mutum-mutumin nan da Rajinikanth ya fito a matsayin sa a fim ɗin Enthiran na 2010, ƙila ka ce wannan harka ce ta masu biliyoyi da kwamfuta, ba ta irin mu ba. To, tarihi bai goyi bayan ka ba. Fitattun mutum-mutumin fim da hannu aka fara ƙera su, wasu ma daga tarkacen juji.

Bari mu faro daga Jamus. A 1927 darakta Fritz Lang ya fito da Metropolis, fim marar magana, inda wani masanin kimiyya ya ƙera mace ta ƙarfe. Wanda ya yi ainihin ƙirar shi ne Walter Schulze-Mittendorff. Da farko an so a bugo ta da jan ƙarfe, sai aka ga jarumar, Brigitte Helm, ba za ta iya jure zama a ciki ba. Don haka ya ɗauki siffar jikin ta da filasta, ya ɗora wani ƙullun katako mai tauri idan ya bushe, ya goge shi, ya fesa masa fenti mai sheƙi. A allo sai ka rantse ƙarfe ne. Ita kuwa baiwar Allah ta sha yanka da ƙujewa a ciki.

Shekara 50 bayan nan, wato 1977, sai ga Star Wars na George Lucas, wanda aka ɗauka a Ingila da Tunisiya. Kuɗin da aka ba shi ba su kai girman mafarkin sa ba. Mai tsara masa kayan wurin ɗauka, Roger Christian, sai ya shiga sayen tarkacen matattun jiragen sama a farashin gwangwan, ya na kwance su ya na ƙawata cikin jiragen fim ɗin da su. Samfurin farko na R2-D2, ɗan gajeren mutum-mutumin nan mai fito, shi da kafinta Bill Harman su ka haɗa shi da katako, kan sa kuwa murfin tsohuwar fitila ne. Wanda aka yi wasan da shi na alminiyom ne, kuma mutum ne a ciki, wani wada mai suna Kenny Baker. A 1978 Christian na cikin waɗanda su ka karɓi kyautar Oscar kan wannan aiki.

Daga nan abin ya koma hannun 'yan kallo. A 1999 Dave Everett, ɗan Ostireliya, ya kafa ƙungiyar masu ƙera R2-D2 a gida, daidai girman na fim. Mutum ya tashi daga aiki, ya shige gareji, ya yi ta awo da yankan ƙarfe da ɗaurin kusa, wani sai ya shekara biyu bai gama ba. A 2013, a taron masoya fim ɗin a birnin Essen na Jamus, shugabar kamfanin Lucasfilm a lokacin, Kathleen Kennedy, ta ga aikin su. Biyu daga cikin su, Lee Towersey da Oliver Steeples, su aka ɗauka su ka ƙera R2-D2 na The Force Awakens da ya fito a 2015. Ka ji 'yan kallo sun zama 'yan gida!

To, ina mu? Da ka tambayi furodusan mu me ya sa labari ba ya wuce falo da lambu, sai ya ce babu kuɗi. Alhali a Panteka ta Kaduna akwai masu walda da ke ƙera injin niƙa daga tarkace, a Ƙofar Ruwa ta Kano ƙarfe jibge, yaran mu kuma tun su na ƙanana su ke haɗa mota da gwangwani da waya. Abin da ya rage shi ne marubucin da zai ƙago labarin, da daraktan da zai kai wa mai walda zane ya ce: kada ya yi nauyi, a kashe kaifin baki, a bar wa ɗan wasa kafar shan iska. Ƙarfe dai ba ya gyara labari marar gishiri, amma hujjar rashin kuɗi ta faɗi tun 1977. Allah ya sa masu abin su ji.