Tarihin Dogon Gusau da Izinar da ke Cikinsa

Duk wanda ya tashi a Karakkai, ko a ɗaya daga ƙauyukan da ke warwatse tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, in dai ya taɓa zama gaban dattawa da maraice yana sauraron hirarsu, lalle ya lura da cewa sukan raba tarihin ƙasar nan gida biyu, wato abin da ya auku kafin zuwan dogo da abin da ya auku bayan zuwansa. Wannan rabo nasu yana da hujja mai ƙarfi, domin kuwa tun bayan jihadi da shigowar Nasara, da wuya a sami al'amarin da ya sauya zaman mutanen Zamfara, da abincinsu da tufarsu da kuɗin da ke aljihunsu, kamar waɗannan ƙarafa biyu da aka shimfiɗo daga Zariya. Saboda haka na ga ya kamata in tattara abin da ya tabbata na labarinsu, tun ba a wayi gari masu ba da shi sun ƙare ba, in kuma gwama shi da labarin wata mota ta biranen duniya wadda ƙaddararta ta yi kama da ta jirginmu.

A zamanin da, tafiya mai nisa sana'a ce ta fatake, kuma tana da shugabanni da ƙa'idoji kamar na sarauta. Madugu ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, jakuna da takarkarai suna biye ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a kwana zango, a biya fito a bakin gulbi, har a kai Gwanja a sayo goro, tafiyar da sau da yawa takan ci shekara kafin mutum ya sake ganin iyalinsa. Gusau a lokacin nan, garin da Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana cikin jerin garuruwan gabashin daular Sakkwato ne kawai, alhali 'Yandoto ta kusa da Tsafe ta riga ta shahara da malamai tun da daɗewa. Shugabannin jihadi sun san darajar hanya ƙwarai, har Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin mai mulki.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, abin da ya fi damunsu shi ne yadda za su kai amfanin gonar Arewa bakin teku da arha. Sun fara dogo daga Ikko, ya isa Badun a 1901. Sa'an nan a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, aka soma wani daga Baro a bakin Kwara, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Daga Zariya aka fitar da wani siririn dogo zuwa ƙasar Jos saboda kuza, wanda aka gama a 1914. Namu kuwa sai da aka yi yaƙin duniya na farko aka huta, kana aka ja shi daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe, ya wuce ta ƙasar Kwatarkwashi mai babban dutse, ya sauka Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. A nan ya tsaya har yau, bai kai birnin Sakkwato ba, kuma wannan tsayawa tasa ita ce mafarin arzikin Gusau, domin duk wani kaya da duk wani matafiyi na lardin Sakkwato, daga Mafara da Anka da Gummi har iyakar ƙasar Faransa, tilas ya biyo ta Gusau ko Ƙaura kafin ya ga jirgi.

Amma adalci ya wajabta a faɗi wanda ya yi aikin. Turawa sun zo da ma'auni da taswira da ƙarfe, talakawa kuwa su suka zo da wuya da kafaɗa. Ana aika wa hakimi adadin leburan da ake so, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, shi ne abin da jama'a suka riƙa kira diban gwamna. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa, a ba shi diga da kwando, ya wuni yana sarar marmara yana jidar ƙasa a ka, a cike kwari, a fasa tudu, don dogo ba ya son hawa da gangara. Ranar biya a zuba masa sulalla da kwabbai, waɗanda galibinsu za su koma hannun hukuma da sunan haraji, ta haka ne kuma kuɗin Turawa suka kori wuri daga kasuwanninmu. Tun lokacin aikin dogon Kano, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya ga wannan lamari da idonsa har ya tsara Waƙar Diga a kansa, kuma masu nazari suna karanta ta har yanzu.

Shi kan jirgin na farko da kwal yake tafiya, irin wanda ake haƙowa a Inugu, da ruwa wanda yake sha a tasha daga wani dogon tanki mai hanci kamar na giwa. Waɗanda suka riske shi suna ba da labarin yadda ake jin kukansa tun yana bayan gari, sai tasha ta ɗauki motsi gaba ɗaya: 'yan dako su miƙe su naɗa gammo, masu tallar fura da dafaffen ƙwai da rake su jeru gefen dogo, ma'aikaci ya fito da tutocinsa ja da tsanwa, uwaye su riƙe hannun yara. In ya tsaya yana huci, sai ka hangi mai zuba kwal a cikin ɗakin wuta, jikinsa sharkaf da gumi, yana cusa shebur a bakin tanderu, direba kuma ya sauko da butar mai yana bin ƙafafun jirgin ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu, kamar mai duba kofaton doki. Taragun fasinja hawa uku ne, kuma na ukun, mai bencin katako, shi ne na talakawa, inda malami da bafatake da soja da amarya mai tafiya gidan miji za su kwana wuri guda, kowa ya kwance guzurinsa a ci tare. Daga baya aka kawo kawunan jirgi masu shan man gas, bayan an kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955, hayaƙi ya ragu, gudu ya ƙaru.

Cikin shekaru kaɗan da isowar dogo, Gusau ta zama wata aba dabam. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da rumbunan ajiya kusa da tasha, Kwarori suka biyo su, Yarabawa da Ibo suka zo aikin reluwe da akawu da ciniki har Sabon Gari ya cika, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya masaƙa da matatsar man gyaɗa suka biyo baya. Manomin ƙauye kuwa, da kaka ta yi, sai ya cusa audugarsa a buhu, ya ɗaure wa jaki tun da asuba, ya nufi fuloti, inda malamin auduga zai zura hannu ya ciro, ya duba fari da datti, ya yanke mata lamba, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa kuɗi a tafin hannu. Da waɗannan kuɗi zai biya haraji, ya sayi gishiri da kananzir da turmin atamfa, in da saura ya tara na aure ko na Hajji. Ita kuwa audugar a gurje ta, a mayar da angurya iri, a ɗaure dila, ta shiga tarago sai Ikko, daga can sai masaƙun Ingila. Riba mai tsoka tana can ƙetare, wannan gaskiya ce, amma duk da haka garin da aka ɗora wa jihar Zamfara a 1996 a matsayin babban birni, dogo ne ya rene shi.

A manyan biranen duniya, wannan hikima ta ɗaukar jama'a da yawa a kan tafarki ɗaya tabbatacce ta shiga har cikin unguwanni. Ikko ta yi ɗan ƙaramin jirgin cikin gari mai tururi daga 1902, yana ƙetare gadar Carter daga tashar Iddo, ya ɗauki fasinja shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, sa'an nan aka bar shi da kwasar shara har 1933. Wasu biranen kuma suka zaɓi wata mota da Turawa ke kira tirolibas, wadda siffarta ta bas ce sosai, da tayoyin roba da sitiyari, sai dai ba ta shan mai. Sanduna biyu ne a kan rufinta suke jingine da wayoyi biyu da aka ja bisa titi, daga nan take zuƙar lantarki, tana tafiya ba hayaƙi ba ƙara. Wani Bajamushe, Siemens, shi ya fara gwada ta a Berlin a 1882. Landan ta yi amfani da ita daga 1931, Durban daga 1935, Johannesburg daga 1936, Alƙahira ma ta yi tata. Tarayyar Sobiyet kuwa ta ƙera wani samfuri mai suna ZiU-9 tun daga 1972, wanda aka yi fiye da guda dubu 40, adadin da babu wani samfurin irinta da ya kai.

Abin lura a nan shi ne jirgi da tirolibas ɗabi'arsu ɗaya, kowanne ɗaure yake da hanyarsa, wannan da ƙarfe, waccan da waya. Fa'idar ɗaurin ita ce mutum yana iya gina gida da kanti da makaranta yana da yaƙinin cewa abin hawa zai biyo gobe kamar yadda ya biyo jiya, kuma kuɗin tafiya yana da ƙa'ida wadda ba ta canzawa don an ga hadari ya taso ko salla ta matso. Illarsa kuwa ita ce hanyar tana bukatar mai kula da ita kullum, a sauya ruɓaɓɓen katako, a ɗaure kusa, a gyara waya, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa sai hukuma, kuma ranar da hukuma ta yi sakaci da wannan amana, ranar abin hawan ya fara mutuwa. Da man fetur ya yi arha, motar da ba ta da ɗauri ta rinjayi duka biyun: Landan ta sauke wayoyinta a 1962, Durban a 1968, Johannesburg a 1986.

Mu ma abin da ya same mu ke nan. An rufe siririn dogon Jos a 1957. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya har 1970 suka raba hukumar jirgi da ƙwararrun ma'aikata masu yawa; fari ya ci gyaɗa a farkon shekarun 1970, kuɗin fetur suka koma kan kwalta, manyan motoci irin su roka suka karɓe dakon kaya, Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta karɓe fasinja. An ɗauko masana daga Indiya a 1979 su riƙe hukumar na ɗan lokaci, abin ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma gidan jiya. A cikin gari kuma kiya-kiya ta zo, acaɓa ya biyo ta, Keke Napep ya biyo acaɓa. Ba na raina waɗannan, domin mota ta shiga ƙauyukan da dogo bai taɓa mafarkin shiga ba, ta kai mai naƙuda asibiti, dubban matasa kuma suna ci da iyalinsu daga gare ta. Sai dai kayan da jirgi ɗaya ke ja, sai an tara manyan motoci masu yawa kafin su kwashe, su farfasa kwalta, su sha mai, kuma duk wannan tsada a kan mudun hatsin talaka take sauka.

Yanzu duniya ta fara komawa ga abin da ta yar. Birane suna neman motocin lantarki saboda hayaƙi da tsadar mai, a nan gida an buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, an kuma ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Mutanen Landan sun adana tirolibas ɗinsu ta farko a gidan tarihi, gidan tarihin Jos ma yana riƙe da kayan siririn dogonsa, yara suna zuwa suna gani da idonsu.

Kirana ga masarautunmu da malaman makarantunmu da hukumomin jihar Zamfara guda biyu ne. Na farko, a je wa tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da dillalan auduga da suka rage a Gusau da Tsafe da Ƙaura, a rubuta abin da ke bakinsu, a kuma tsare gine-ginen tashoshin da filayensu daga masu yanka su fuloti-fuloti. Na biyu, a dage wajen neman jirgi ya dawo wannan layi da zirga-zirga tabbatacciya, domin gyaran hanya sadaka ce mai gudana, kuma haƙƙi ne da magabatanmu suka rubuta a wuyan shugabanni tun kafin Bature ya zo. Kakanninmu sun haƙa wannan dogo da diga, sun jidi ƙasarsa a kawunansu. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kanmu shi ne kada mu bar shi ciyawa ta binne. Allah ya jiƙansu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.