Allurar kashin baya a tiyatar ƙarin mafitsara ga tsofaffi

Allurar kashin baya hanya ce ta kashe zafi daga cibiya zuwa ƙafafu, a yi wa mutum tiyata yana farke. A asibitocin Sudan ana kiranta "banj nisfi", a na Nijar kuma "rachianesthésie". Likitan Jamus August Bier ne ya fara yin tiyata da ita a 1898. Yau tana cikin hanyoyin da aka fi bi wajen cire ƙari daga mafitsarar tsofaffi.

Dalilin da abin ya shafi Rufa'a

Rufa'a na gabar gabas ta Shuɗin Nilu, a jihar Jazira. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman rani ya bazu a yankin, Hausawa da yawa kuma suna rayuwa ne kan aikin gona da su. Magudanan ruwan nan su ne matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Nau'in tsargiyar da ke kama mafitsara, idan ya daɗe ba magani, yana iya jawo sankara bayan shekaru masu yawa. Shan taba ma babban sanadi ne.

A nan haɗarin yake. Wanda ya saba ganin fitsarin jini tun yana yaro yakan ɗauka tsohuwar tsargiya ce ta dawo. Amma jini a fitsarin dattijo, musamman marar zafi, ko sau ɗaya aka gani, yana buƙatar hoto da leƙa mafitsara da na'ura.

Yadda ake yi

Majinyaci kan zauna ya sunkuya, ko ya kwanta a gefe. Likita zai wanke bayan, ya soka siririyar allura a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, ya zuba ɗan magani cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi. Cikin mintuna kaɗan ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi. Maganin kan yi aiki awa 2 zuwa 3. Ba a tsaga ciki: ta hanyar fitsari ake shigar da na'ura a kankare ƙarin, a aika shi ɗakin gwaji.

Amfaninta ga tsofaffi

Tsoho yana numfashi da kansa, ba a sa masa bututu a maƙogwaro, abin da ke da muhimmanci ga mai ciwon huhu. Amai da magagin barci sukan yi sauƙi. Da yake yana farke, zai iya faɗa nan take idan ya ji ciwon ciki ko na kafaɗa, alamar da ke iya nuna bangon mafitsara ya huje. Ba ta kuma cin kayan aiki da iskar oksijin kamar cikakken barci.

Abin da ake tsoro

Mafi yawan matsala ita ce faɗuwar awon jini da raguwar bugun zuciya, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa, ana aunawa a kai a kai. Ciwon kai bayan allura ya fi damun matasa. Shanyewar ƙafa ta dindindin, wadda jama'a suka fi tsoro, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba.

Idan ƙarin yana bangon gefe, wutar na'urar kan taɓa wata jijiya ta kusa, cinya ta zabura ba zato, na'urar ta huda mafitsara. Allurar baya ba ta hana wannan. Sai likita ya ƙara allura a matsematsi don kashe jijiyar, ko ya zaɓi cikakken barci.

Ba a yin ta ga mai ƙurji a wurin sukar, ko mai matsalar daskarewar jini, ko wanda jininsa ya zuba da yawa. Wasu cututtukan zuciya ma sukan sa a sauya hanya.

Shirin iyali

A kai wa likita duk magungunan da dattijo ke sha, har na gargajiya. Masu tsinka jini, irin su wafarin, sai an dakatar da su kwanaki kafin aiki, amma da umarnin likita kawai. A daina cin abinci awa 6 kafin tiyata, ruwa zalla kuma awa 2. Bayan aiki za a bar robar fitsari na ɗan lokaci, kada majinyaci ya tashi sai ƙafafunsa sun dawo daidai.

Wad Madani ce cibiyar wannan aiki a yankin, inda asibitin ƙoda da Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira suke. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitocin jihar, don haka a tabbatar ana aikin kafin a ɗauki tsoho a kama hanya. Ƙarin mafitsara yakan dawo, shi ya sa ake sake leƙawa bayan wata 3, ko da fitsari ya washe.