Tarihin Nikodimus, Garin 'Yantattun Bayi a Jihar Kansas

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani fili shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da tudu, ba shi da kurmi, sai ciyawa iyakar ganin mutum. A yammacin Jihar Kansas, cikin wannan fili, kusa da kogin Solomon, akwai wani ɗan ƙauye da a ke kira Nikodimus. Da aka yi ƙidayar mutane cikin shekara ta 2020, mutum 14 kaɗai aka samu suna zaune a cikinsa. Wanda ya ji wannan lissafi zai ce ai wannan bai kai tunga ba, balle a ɓata takarda a kan tarihinsa. Amma kuwa gari ne mai asali, domin 'yantattun bayi baƙar fata ne suka kafa shi da hannunsu, ya bunƙasa, sa'an nan ya yanƙwane cikin abin da bai kai rayuwar mutum ɗaya ba.

Tushen labarin yana cikin yaƙin basasa da Amurkawa suka yi tsakaninsu daga 1861 zuwa 1865, wanda ƙarshensa aka hana bauta a ƙasar duka. To, amma 'yanci ba ya zama abinci in babu gona. Bayin da aka 'yanta a kudu yawancinsu suka ci gaba da noma gonakin iyayengijinsu na dā, ana raba amfani, ga bashi da ba ya biyuwa. Cikin 1877 Gwamnati ta janye sojanta daga kudu, sai zama ya ƙara tsanani ga baƙar fata. A wannan lokaci kuwa akwai wata doka da aka kafa tun 1862, wadda ta ce duk wanda ya kama filin Gwamnati eka 160, ya zauna a kansa yana nomawa har shekara 5, filin ya zama nasa. Kansas kuma jiha ce wadda ta shiga tarayyar Amurka cikin 1861 ba tare da yarda da bauta ba, saboda haka sunanta yana da daɗi a kunnen wanda ya taɓa zama bawa.

Cikin watan Afrilu na 1877 aka kafa ƙungiyar da za ta sari garin. Manyanta su ne wani Bature dillalin filaye mai suna W. R. Hill, da wani limamin Kirista baƙar fata mai suna W. H. Smith. Aka buga takardu aka rarraba a majami'un baƙar fata na Jihar Kentaki, ana yabon ƙasar, ana cewa ga ruwa, ga albarka. Cikin watan Satumba na wannan shekara mutum wajen 300 suka taso daga kewayen birnin Lexington. Jirgin ƙasa ya sauke su a tashar Ellis, daga nan sauran tafiyar fiye da mil 30 a ƙasa, yawanci da ƙafa.

Gani ya kori ji. Da suka iso ba su tarad da gari ba. Ƙasar ba ta da itacen gini, saboda haka waɗanda suka riga su isowa ramuka suka haƙa a jikin gangare, suka rufe da ƙiraruwa da ƙasa mai ciyawa, suka zauna ciki. Wata mace mai suna Willianna Hickman, wadda ta zo cikin ayarin 1878, ta ba da labari daga baya cewa da aka nuna mata garin ba ta ga kome ba sai hayaƙi yana fitowa daga ƙasa, sai ta fashe da kuka. Waɗansu suka juya nan take. Waɗanda suka tsaya kuwa sun iso bayan lokacin shuka ya wuce, ga hunturun ƙasar mai ƙanƙara, ga rashin dawakin huɗa. Suka yi makamashi da busasshen kashin dabbobi, suka riƙa tsintar ƙasusuwan ɓaunar ƙasar suna sayarwa. Zuriyarsu suna ba da labari har wa yau cewa waɗansu mafarauta na kabilar Osage, cikin mutanen ƙasar na asali, sun raba musu nama a wannan hunturu na fari.

Da bazara ta yi suka kama aiki, waɗansu da fartanya da shebur su ke fasa ƙasar da ba a taɓa nomawa ba. Sannu a hankali ramukan suka ba da wuri ga ɗakunan farin dutse wanda a ke haƙowa nan kusa. Wani mai suna Z. T. Fletcher ya buɗe kanti, ya riƙe gidan waya, ya kuma gina masaukin baƙi cikin 1881. Matarsa ita ce ta fara koya wa yara karatu tun a cikin rami. Kafin a yi shekara 10 garin yana da majami'u, da kantuna, da banki, da jaridu biyu, mutanen da ke cikinsa da gonakin kewaye kuwa sun kai ɗaruruwa. Daga nan ne kuma Edward McCabe ya fito. Ya fara da aikin akawun gunduma, cikin 1882 aka zaɓe shi mai binciken kuɗin Jihar Kansas duka, aka sāke zaɓensa cikin 1884. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙar fata, shekara 17 kacal bayan hana bauta.

Amma a wannan fili ran gari yana hannun hanyar jirgin ƙasa. Manomin da ba shi da tasha kusa, kuɗin ɗaukar alkamarsa zuwa kasuwa ya kan cinye ribarsa, mai kanti kuma ba ya iya gasa da wanda kayansa ke sauka a ƙofarsa. Mutanen Nikodimus sun san haka sarai. Cikin 1887 suka jefa ƙuri'a suka yarda garinsu ya ɗauki bashin dala 16,000 don a jawo kamfanin Missouri Pacific, amma kamfanin bai zo ba. Cikin 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa hanyarsa, sai ya bi ta kudancin kogi, ya bar garin a arewa. Aka sari sabon gari mai suna Bogue a bakin hanyar, nisansa bai fi mil 6 ba. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma can, waɗansu har da katakon kantunansu suka ɗauka. Mil 6 ɗin nan su ne suka karya Nikodimus.

Manoma dai ba su tashi ba, domin ƙasar tasu ce, da guminsu suka same ta. Suka daure har masifa ta biyu ta zo. Daga 1929 ciniki ya mutu a Amurka, farashin hatsi ya faɗi, sa'an nan aka yi fari shekara da shekaru, iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana rufe rana da ƙura. Da yawa suka rasa gonakinsu saboda bashi da haraji. Cikin wannan hali ne Gwamnati ta ba marasa aiki aikin gina ɗakin taro na dutse, aka gama shi cikin 1939. Bayan haka injinan noma suka yawaita, har mutum ɗaya ya kan noma abin da gida goma ke nomawa dā, samari suka watse birane neman aiki. Aka rufe gidan waya cikin 1953, ba da daɗewa ba makaranta ita ma ta bi, don babu yaran da za su cika aji.

Duk da haka garin bai zama kufai ba. Tun 1878 mutanensa su ke yin bikin tuna 'yanci kowace shekara, ba su fasa ba. Yanzu a ƙarshen watan Yuli a ke yinsa, jikoki da tattaɓa-kunne su kan taho daga nesa da kusa ɗari bisa ɗari, su ziyarci kaburburan kakanninsu, su ci abinci tare, a nuna wa yara inda ramin gidansu na fari ya ke. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Cikin 1996 Majalisar Amurka ta sa garin cikin wuraren tarihi da Gwamnati ke kiyayewa, tare da gine-gine 5: majami'u biyu, da makaranta, da masaukin Fletcher, da ɗakin taro. Cikin dukan garuruwan da baƙar fata suka kafa yamma da kogin Misisipi a wancan zamani, shi kaɗai ne ya rage.

Littafin ƙidaya yana rubuta wanda ya kwana a gari ne kawai, ba ya rubuta wanda ya ke kiransa gida. In an bi littafi, mutanen Nikodimus 14 ne. In kuwa an je a ƙarshen Yuli aka ƙirga waɗanda suka taru a gaban ɗakin taro, za a tarad da su sun kai yawan ayarin da ya sauka a tashar Ellis cikin 1877.