Sanƙarau a Ƙasar Gwandu da Tarihin Ƙidayar Annoba

Ilimin nazarin annoba, wato ilimin da yake bin sawun cuta a cikin jama'a maimakon jikin majinyaci guda, ya girmi sanin ƙwayoyin cuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1662 wani ɗan kasuwar birnin Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mace-macen da ake fitarwa mako-mako, ya nuna cewa mutuwa tana da lokutan da take yawaita. A 1854 kuma likita John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho, ya tarar sun kewaye famfon ruwa guda. Daga irin wannan aiki aka sami reshen da yake siffanta cuta, wanda ya tsaya a kan tambayoyi uku: su wa take kamawa, a ina, kuma da yaushe.

A masarautar Gwandu, cutar da ta fi nuna amfanin waɗannan tambayoyi ita ce sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, wanda yake zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ƙagewar wuya, yana kuma iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko ya bar shi da kurumta. Babbar annobarta ta farko da aka rubuta a Arewacin Nijeriya ta auku a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Sakkwato, kuma wasu masana suna ganin ta biyo hanyar alhazai ne daga Sudan. A farkon shekarun 1920 ta dawo da ƙarfin da ya wuce na farko, ta hallaka dubban mutane a Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Kalgo suke cikinsa a wancan zamani.

Tambayar lokaci ita ce talakawa suka riga likitoci amsawa. Manomin fadamar Kalgo ya san cewa ciwon yana ɓullowa idan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ya yi tsanani a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin bazara ya kai matuƙa, sa'annan ya lafa da zarar damina ta sauka. Abin da ƙidaya ta ƙara a kan wannan sani shi ne cewa, ban da juyin shekara-shekara, akwai manyan annobai da suke dawowa bayan wasu shekaru, kuma ƙwayar ba ta ɓacewa a tsakani, domin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da ita a maƙogwaro, suna watsa ta ta hanyar tari da numfashi ba su sani ba. Tambayar wuri kuwa likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya amsa ta a 1963, inda ya zana wani zirin ƙasa kudu da Sahara, tsakanin yankin da yake samun ruwan sama milimita 300 a shekara da wanda yake samun 1,100, ya nuna cewa a nan annobar ta yi zaune. Yau ana lissafa zirin daga Sanagal har Habasha, kuma Jihar Kebbi, inda Gwandu da Kalgo suke a yau, tana cikinsa. Waɗanda ta fi kamawa su ne yara da matasa, musamman inda ake cunkoson kwana a ɗaki marar taga, shi ya sa da allurar rigakafi ta MenAfriVac ta iso Nijeriya a 2011 aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29.

Annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, nau'in ƙwayar da ake kira A ne ya haddasa ta, kuma shi allurar MenAfriVac ta murƙushe daga baya. Sai dai tun daga 2013 gwajin ruwan gadon bayan majinyata ya fara nuna wani sabon iri na nau'in C a Sakkwato, daga bisani a Kebbi, wanda a 2017 ya kai ga annobar da ta ci rayuka fiye da 1,000 a ƙasar. Da a ce alamomin ciwo kaɗai ake dubawa, da an ɗauka allurar ce ta gaza. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, amma duk da haka a watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne ajalinsu, fiye da rabinsu a ƙaramar hukumar Gwandu, akasarin sauran a Jega da Aliero.

Duk wannan lissafi yana farawa ne daga rajistar asibitin ƙauye, wadda jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yake tattarawa kowane mako ya tura Birnin Kebbi, daga nan ta wuce hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja. Ba yawan majinyata zalla ake dubawa ba, ana auna shi ne da yawan jama'a: bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum 10 cikin kowane 100,000 a mako guda sun isa a ayyana annoba. A nan raunin aikin yake, ta fuska biyu. Yaron da ya cika a gida da asuba aka yi masa sutura kafin azahar ba ya shiga rajistar kowa, yawan jama'ar da ake raba lissafin da shi kuma hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, wadda aka yi tun ba a haifi akasarin yaran da cutar take kamawa yanzu ba.