Tarihin Koyar da Labarin Ƙasa a Ƙananan Makarantun Birnin Kudu da Gwaram

Sanin ƙasa ya riga makarantar boko zuwa ƙasar Hausa. Fatake sun san zangunan hanyar Gwanja, alhazai kuma sun san na hanyar gabas, ko da yake iliminsu na ka ne da na ƙafa. Malamai ma ba a bar su baya ba. Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, da bayanin ƙasashen Tukururu ɗaya bayan ɗaya, kuma sa'ad da Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya samo taswirar ƙasar daga wurin Sarkin Musulmi, aka buga ta a Ingila a 1826. Abin da boko ya kawo shi ne mayar da wannan sani darasi mai lokaci, da allo, da jarrabawa.

Wannan ya soma ne a makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Labarin ƙasa yana cikin abubuwan da aka koyar a can, kuma dalilinsa a fili yake: gwamnati da En'e suna bukatar malaman taki da na safiyo waɗanda za su auna gonaki don a yanka haraji. Ke nan taswira ta shigo lardin Kano riƙe da hannun kuɗin ƙasa, ba kuwa abin mamaki ba ne idan talaka ya daɗe yana kallonta da ido ɗaya. Birnin Kudu da Gwaram a wannan zamani gundumomi ne na masarautar Kano, saboda haka abin da aka tsara a birni shi yake isa gare su, ta hannun malaman da aka horar a can.

Daga wajen 1930, tsarin ya tsaya a kan elementare ta shekara huɗu, wadda ake karantarwa da Hausa, sa'an nan midil, inda Turanci yake karɓar ragama. Wannan rabo yana da muhimmanci ga mai nazarin harshe, domin a elementare ne aka tilasta wa Hausa ta ɗauki darasin. Sunan da aka ba shi ma abin lura ne. Ba a ari kalmar Turanci ba, ba a kuma ɗauko jugurafiya ta Larabawa ba, sai aka ce labarin ƙasa. Kalmar labari tana nufin abin da wani ya gani ko ya ji, ya zo ya faɗa. Kalmar ƙasa kuwa ta haɗa turɓayar da ake takawa da yankin da sarki yake mulki. Sunan ya dace da hanyar da kwalejojin horon malamai suka riƙa koyarwa, cewa a fara daga abin da yaro ya sani: ɗakin aji, filin makaranta, gari, gunduma, lardi, kāna duniya.

To, a nan ne ƙasar Birnin Kudu ta fi wurare da yawa sa'a. Arewacin abin da ya zama Jihar Jigawa shimfiɗaɗɗen rairayi ne, daga nan ma jihar ta sami sunanta, amma kudancinta ƙasar duwatsu ce, ruwan sama kuma ya fi sauka a can. Yaron Birnin Kudu ba ya bukatar hoto kafin ya gane tsauni ko kogo. Na Gwaram yana da kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan wajen Jos, ya gangara ya zama kogin Jama'are, ruwansa ya haɗu da na Haɗejiya ya nufi Tafkin Cadi. Malamin da ya tsaya da yaransa a bakin wannan kogi da damina ya riga ya ba su rabin taswirar arewa maso gabashin Nijeriya. Harshen kansa cike yake da kayan aiki: fadama da tudu, fako da jigawa, ƙorama da gulbi, laka da marmara, kowace da ma'anarta da manomi ba ya rikitawa.

Wahalar ta fi fitowa wajen kusurwoyi da lokutan shekara. Bahaushe gabas yake fuskanta, kalmar ma 'yar'uwar gaba ce, kuma yaron da ya fito daga makarantar allo da alƙibla yake gane sauran kusurwoyi. Taswirar boko kuwa arewa ta ɗora a sama, sa'an nan aka rataye ta jikin bango, har yaro ya ɗauka Katsina tana bisa, Ikko tana ƙasa. Maganin wannan sananne ne a wurin tsofaffin malamai, a shimfiɗa taswira a ƙasa, a daidaita gabasinta da mafitar rana. Haka kuma bazara da damina da kaka da rani ba su hau kan lokuta huɗu na Ingila ba, duk wanda ya yi ƙoƙarin daidaita su kuwa sai ya ɓata duka biyu. Sunan garin ma darasi ne: Birnin Kudu kudu yake ga wanda ya tsaya a Kano ko Dutse, amma ga mutumin Ningi arewa yake.

A cikin shekarun 1950 sunan garin ya shiga littattafan masana na duniya. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, ya kuma buga bayani a 1956 a kan duwatsun da suke amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Yawancin zanen na shanu ne, kuma marasa tozo, alhali kuwa shanun da Fulani suke kiwo a wannan yanki masu tozo ne. Da wuya a sami tambayar da ta fi wannan amfani ga ɗan aji huɗu: ina waɗancan shanu suka tafi, su wa suka kiwata su, yaya dajin yake a zamaninsu? Tarihi da labarin ƙasa sun haɗu a jikin dutse ɗaya, tafiyar ƙafa daga aji.

Sai dai darasin bai daɗe da wannan dama ba. Bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Ikko a 1969, aka karkata ga sabon fanni wanda ya haɗiye tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa, watau nazarin zaman jama'a, ra'ayin da Amurka ta yi tasiri a kansa ƙwarai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tabbatar da shi a firamare. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, don ƙasar ta fito daga yaƙin basasa a 1970, ana neman abin da zai haɗa kan yara. Amma lokacin bai yi wa darasin daɗi ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yawan malaman da aka horar, malamin da ke fama da cunkoson aji kuwa ba ya fita da su bakin kogi. Littafi ɗaya da aka rubuta da Turanci domin dukan Nijeriya ba shi da gurbin Dutsen Mesa, balle bambancin fako da jigawa.

A tsakanin haka taswirar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wanda ya shiga elementare a Gwaram a 1960 an koya masa cewa yana lardin Kano ne, cikin Jihar Arewa, mai hedkwata a Kaduna. A 1967 ya wayi gari a Jihar Kano. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, Birnin Kudu da Gwaram suka koma ƙarƙashin masarautar Dutse. Jikokinsa kuwa, in za su haɗu da labarin ƙasa a matsayin darasi mai sunan kansa, sai sun kai babbar sakandare, can ma da Turanci.